Taliya tamu ce, tumatir namu ne: Me ya hana Kazaure samun gidan abinci na iyali?

Duk mai bin shafukan matasanmu a Facebook da TikTok ya san yayin da ake ciki. Saurayi ko budurwa daga Kazaure ko Babura zai shiga mota zuwa Kano, ya gama abin da ya kai shi, kafin ya juyo sai ya biya ta gidan pizza. A buɗe kwali, a ɗauki hoto, a rubuta cewa yau abincin Italiya aka ci. Abokai su yi ta santi a ƙarƙashin hoton, wasu su ce lallai su ma sai sun je.

Ban ga laifin wanda ya yi marmari ya kashe kuɗinsa ba. Damuwata ita ce nisan tafiyar. Daga Kazaure zuwa Kano kimanin kilomita 80 ne. Mutum ya baro garin da ake noman tumatir a bakin dam, ya baro jihar da ke sahun gaba a noman alkama a Najeriya, ya baro unguwar da kusan kowane layi akwai mai murza taliya, ya tafi wani gari neman gurasar da aka shafa wa tumatir da cuku.

Ra'ayina shi ne, abin da yaran nan suke nema ya wuce abincin. Wurin zama suke nema mai tsafta da mutunci, inda za a kawo musu abinci a faranti mai kyau, a yi musu magana da ladabi. Irin wannan wurin ya yi mana ƙaranci a Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura. Kuma idan akwai darasin da za mu ɗauka daga Italiyawa, to a ƙananan gidajen abincinsu na unguwa yake, waɗanda iyali ɗaya ke riƙe da su. Kayan haɗin duk muna da su a gida.

Tun daga sunan taliya

Bayanin da ya fi yaɗuwa game da kalmar taliya shi ne daga sunan ƙasar Italiya ta samo asali, kuma kunne ma ya isa ya ji kusancin. Wato tun kafin a haifi masu ɗora hotunan nan, kakanninmu mata sun riga sun karɓi wannan abinci, sun raɗa masa suna da harshenmu, sun haɗa shi da manja da yaji, wani lokaci da wake.

Abincin alkama a ƙasar Kano yana da tsohuwar alaƙa da arewacin Afirka. Larabawan Tarabulus da Gadamas da suka zauna a cikin birni, musamman wajajen Dandalin Turawa, su ake dangantawa da gurasa da alkaki da makamantansu. Ayarinsu kan keta Sahara ta Agadas da Damagaram kafin su iso Kano, kuma yankinmu a tsakanin Damagaram da Kano yake. Har gobe motar da ta tashi daga Kano za ta Damagaram, ko ta bi ta Kazaure da Daura, ko ta bi ta Babura. Mu mutanen kan hanya ne tun asali, abincin baƙi bai taɓa zame mana abin tsoro ba.

Ita kanta taliyar Italiyawa akwai hannun Musulmi a tarihinta. Musulmi sun fara shiga tsibirin Sisili a shekarar 827, mulkinsu a can bai ƙare gaba ɗaya ba sai 1091. A 1154 masanin labarin ƙasa Al-Idrisi ya rubuta cewa a garin Trabia, kusa da Palermo, ana yin wani abinci na garin alkama mai kama da zare, ana kiransa itriyya, ana lodinsa a jiragen ruwa zuwa ƙasashen Musulmi da na Kirista. Wannan ya girmi Marco Polo da shekara ɗari, don haka labarin da ake yaɗawa cewa shi ya kawo taliya Turai daga Sin ba shi da tushe.

Tumatir kuwa baƙo ne a Italiya kamar yadda yake baƙo a wurinmu. Daga nahiyar Amurka ya isa Turai a ƙarni na 16, aka daɗe ana ɗari-ɗari da shi. Sai a shekarun 1830 aka ga haɗin taliya da miyar tumatir a littafin girki na birnin Napoli. Abin da duniya ke kira abincin Italiya a yau, aro ne da aka iya riƙewa har ya zama gado.

Yadda gidan abincin unguwa yake a can

A Italiya akwai manyan gidajen abinci na masu hannu da shuni, akwai kuma abin da suke kira trattoria. Wannan ƙaramin gida ne a cikin unguwa, galibi na iyali ɗaya. Uwa ko kaka na madafi, uba na karɓar baƙi, 'ya'ya na kai faranti. Jerin abincin gajere ne, sau da yawa a allo ake rubuta shi, kuma yana sauyawa da abin da kasuwa ta kawo a wannan lokacin na shekara. Masu zuwa mutanen unguwa ne, an san su, an san abin da suke so.

Mafi yawan girkin nan na talakawa ne a asalinsa. Taliya da tafarnuwa da mai da barkono. Taliya da wake, wadda su ma suke ci kamar yadda muke ci. Busasshen burodi da aka jiƙa a miyar ganye don kada a zubar. Pizza kanta abincin 'yan ƙwadagon Napoli ce, a titi ake sayar da ita. Talauci ya kori miliyoyin Italiyawa zuwa Amurka daga 1880 zuwa farkon shekarun 1920, suka tafi da girkinsu. A 1905 aka buɗe gidan Lombardi a birnin Niyok, wanda ake lissafa shi a matsayin gidan pizza na farko a ƙasar. Daga nan manyan kamfanoni suka shigo. Domino's, wanda ya iso Legas a 2012, kamfanin Amurka ne da aka kafa a jihar Michigan a 1960. Saboda haka yawancin abin da matasanmu ke ɗauka hoto a kwali ya fi kusa da Amurka a kan Italiya.

Italiyawan da kansu sun ga wannan haɗari. A 1986, da McDonald's ya buɗe reshe a tsakiyar birnin Rum, wani ɗan jarida mai suna Carlo Petrini da abokansa suka yi bore, daga nan aka samu ƙungiyar Slow Food mai kare abincin gargajiya da ƙananan manoma. A 2017 hukumar UNESCO ta sanya sana'ar masu gasa pizza na Napoli cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Abincin da aka raina a da, ya zama abin alfaharin ƙasa, saboda masu shi sun ƙi jin kunyarsa.

A nan ne nake ganin mun yi sake. Taliya 'yar murji da manja da yaji abinci ne da kowa ke so a ɓoye, amma idan baƙo ya zo sai a aika a sayo ta leda. Mai abu shi ke fara raina abinsa kafin na waje ya taya shi.

Tumatir na ruɓewa, muna sayen na gwangwani

Duk wanda ya san noman rani a ƙasar Kazaure ya san yadda shekarar mai tumatir take. Daga watan Janairu zuwa wajen Afrilu kaya kan yi yawa, kowa ya ɗebo a lokaci guda, farashin kwando ya faɗi warwas. Idan motocin da ke lodi zuwa Kudu ba su zo da wuri ba, kwana biyu zuwa uku sun isa kaya su fara ruwa. Manomin da ya sayi fetur ya yi ban-ruwa wata uku sai ya sayar a yadda dillali ya ga dama, ko ya yanka ya shanya. Da damina ta kankama kuma sai tumatir ya yi tsadar da uwargida za ta koma wa na gwangwani da na leda.

Ƙiyasin da hukumomi da masu bincike suka sha ambatawa shi ne kusan kashi 40 cikin 100 na tumatir ɗin da ake nomawa a Najeriya yana lalacewa kafin ya isa tukunya. Ga kuma annoba. A 2016 tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki a Kano da Kaduna da Jigawa da Katsina, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir.

An gwada magance matsalar daga sama. A 2016 kamfanin Dangote ya buɗe masana'antar sarrafa tumatir a Kadawa ta jihar Kano, mai iya cinye tan 1,200 a rana, amma ta sha tsayawa saboda rashin samun isassun kaya a kan farashin da zai yi wa manomi da kamfani daɗi. A 2017 gwamnatin tarayya ta ƙara harajin shigo da markaɗaɗɗen tumatir zuwa kashi 50 cikin 100, da ƙarin dala 1,500 a kan kowane tan. Duk da haka gwangwani bai bar kasuwanninmu ba. Don a ga zurfin abin, a kasuwannin Legas har ma'auni ake da shi mai suna derika, wanda ya samo suna daga gwangwanin tumatir na De Rica, tambarin Italiya.

To su Italiyawan yaya suke yi da nasu yawan? A kudancin ƙasar, idan tumatir ya yi yawa a ƙarshen bazararsu, iyali kan taru a tsakar gida, a wanke, a dafa, a tace, a ɗura a kwalabe, a rufe, a sake tafasa kwalaben a cikin babbar tukunya. Miyar shekara ke nan. Ba a buƙatar firji, ba a buƙatar wutar lantarki. Tukunya ce da itace da kwalba mai murfi mai kyau, sai tsafta da sanin ƙa'ida.

Sannan suna shanya tumatir kamar yadda muke yi. Abin da muke kira kauɗa, su a wurinsu kayan marmari ne mai tsada da ake sayarwa a manyan kantunan Turai da Amurka. Bambancin a wurin shanya yake. Su a kan raga ko katako suke shimfiɗawa, a barbaɗa gishiri, a rufe daga ƙuda, in ya bushe a zuba a kwalba da man zaitun. Mu kuwa sau da yawa a ƙasa ake bazawa ko a gefen kwalta, ƙura ta hau, akuya ta bi ta kai, sai uwargida ta wanke sau uku kuma duk da haka a ji tsakuwa a miya. Rana ɗaya ce ke busar da nasu da namu, tamu ma ta fi zafi.

Gidan abinci guda ɗaya ba zai shanye tumatir ɗin fadama ba, wannan gaskiya ne. Amma gidan da ke dafa miyar tumatir kullum, ya kuma ɗura ta shekara a lokacin araha, ciniki ne tabbatacce ga manomi biyu ko uku. In aka samu goma a masarautar Kazaure da Babura, lissafin ya fara ma'ana. Abin da ya fi wannan, shi zai zama makarantar da matan unguwa za su ga ana yi su kwaikwaya.

Alkamarmu da injin murji

Jigawa na cikin jihohin da suka fi noman alkama, musamman a kwarin Haɗejia, kuma a jihar ne gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin noman alkama na rani a watan Nuwamban 2023. Duk da haka, fiye da kashi 90 cikin 100 na alkamar da Najeriya ke ci daga waje ake shigo da ita. Supagetin leda da makaroni da Indomie da burodin mai shayi, kusan duk da alkamar da aka sayo da dala ake yin su. Shi ya sa duk lokacin da naira ta faɗi, farashinsu ke tashi. Har taliya 'yar murji yawanci da fulawar kamfani ake kwaɓa ta.

Wani zai ce ai alkamarmu ba irin ta taliya ba ce. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Busasshiyar taliyar Italiya da alkama mai tauri ake yin ta, wadda ake kira durum, har doka suka kafa a kan haka a 1967. Wadda muka fi nomawa irin ta burodi ce. Sai dai a arewacin Italiya, wajajen birnin Bologna, taliyar da suka fi alfahari da ita ɗanya ce ta gida, da garin alkama mai laushi da ƙwai, a murza a yanka a dafa a ranar. Ƙaramin injin hannu da suke amfani da shi, ɗan uwan wanda ke ɗaure a bencin matan unguwarmu ne. Wato nau'in taliyar da ta fi daraja a wurinsu ita ce ta fi kusa da wadda muke rainawa.

Sauran kayan ma ba nesa suke ba. Ganyen ƙamshin da suke sa wa miya ɗan gidan ɗoɗɗoya ne. Tafarnuwa da albasa da attaruhu muna nomawa. Man zaitun yana da tsada, amma ga man gyaɗa, ga man riɗi a jihar da ta yi suna da riɗi. Cuku kuwa, ga wanda 'yan uwanmu na Nijar ke kawowa, ga madarar rugagen da ke kewaye da mu. Zoɓo mai sanyi ya wadatar a matsayin abin sha.

"Cin abinci a waje ba al'adarmu ba ce"

Wannan ita ce hujjar da za a fara jefo mini, kuma ba zan raina ta ba. A tarbiyyarmu, magidanci ya zauna a gidan abinci a garinsu yana iya jawo a ce matarsa ba ta iya girki ba, ko akwai rigima a gida. Matar aure kuma a gan ta tana cin abinci a bainar jama'a abu ne da kunya ba ta yarda da shi ba. Kunya ado ce, ba na fatan mu rasa ta.

Amma mu duba abin da ke faruwa da idon basira. Da safe teburin mai shayi cike yake da magidanta. Da yamma ga mai tsire, ga mai balangu, ga mai kifi, ga mai gurasa. Da dare a majalisa ana soya Indomie da ƙwai. Maza suna cin abinci a waje kullum, babu mai cewa an karya al'ada. Waɗanda ba su da wurin zuwa su ne mata da yara. Maigida ya ci mai daɗi a waje, in ya tuna ya ƙunso ragowa a leda, in bai tuna ba shi ke nan. Matar da ta yi shekara goma tana hura wuta sau uku a rana, ba ta taɓa zama an kawo mata abinci ta ci ba tare da tunanin wanke-wanke ba, sai dai in biki ake ko ba ta da lafiya.

Sannan akwai wata hanyar da abincin sayarwa ke fita daga gidajenmu, wadda ita ce ya kamata mu ji kunyarta: talla. Taliyar da uwa ta dafa a cikin gida, 'yarta 'yar shekara goma ce ke ɗaukarta a ka zuwa tasha da bakin kasuwa da garejin makanikai, a lokacin da ya kamata tana aji. Kowa ya san irin haɗarin da ke cikin wannan yawo. Idan uwar tana da wurin da masu saye za su zo su same ta, da ɗa ko ƙane namiji baligi mai kai faranti, yarinyar ta huta. Tsakanin gidan abinci mai tsari da tiren talla a kan yarinya, wanne ya fi kusa da mutuncin da muke cewa muna karewa?

Cin abinci tare ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ciyayya da iyayenmu ke yi a ƙofar gida, kowa ya fito da kwanonsa a haɗu, ita ce ke sa maƙwabci ya san halin da maƙwabcinsa ke ciki. Yanzu tana ja da baya a garuruwa. Gidan abincin unguwa ba zai maye gurbinta ba, amma zai iya riƙe wani abu daga cikin amfaninta.

Maganin kunya kuma tsari ne. Ɓangaren iyali daban da ƙofarsa, da labule ko asabari tsakanin tebur da tebur, ko tabarma da darduma ga mai son zaman ƙasa. Ɓangaren samari daban. A ƙasashen Larabawa an daɗe ana irin wannan tsari, mahajjatanmu sun gani da idonsu.

Kuɗi, halal da wutar lantarki

Hujja ta biyu ita ce halin rayuwa. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, gidaje da yawa sun koma cin abinci sau biyu. A irin wannan yanayi, maganar fita cin abinci tana iya zama kamar izgili. Na yarda, wanda ba shi da na tuwon dare ba da shi nake ba. Amma kuɗin marmari suna fita daga garuruwan nan ko mun so ko mun ƙi. Kazaure na da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da cibiyar koyon fasahar kwamfuta ta jiha. Babura ta samu Jami'ar Fasaha ta Tarayya a 2021. Ga ma'aikatan asibiti da na bankuna da na ƙananan hukumomi, ga matafiya a hanyar Daura, ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021, wanda aka tsara zai ratsa ta Kazaure. Waɗannan mutane za su ci abinci a wani wuri. Tambayar ita ce, kuɗin a aljihun wa za su kwana?

Kuma abin da nake kira a yi ba gidan masu kuɗi ba ne. Farantin taliya da miyar tumatir da ɗan nama bai kamata ya fi ƙarfin malamin firamare sau ɗaya a wata, shi da iyalinsa ba. Da zarar ya fi, to an kauce hanya.

Hujja ta uku ta addini ce, kuma tana da muhimmanci. Girkin Italiya na asali yana amfani da naman alade da giya a wasu nau'o'insa. Wanda ya je ƙasar waje dole ya tambaya kafin ya ci. Mu a Jigawa, da ake aiki da shari'ar Musulunci tun shekarar 2000, wannan ba ta taso ba. Tsarin za mu ara, tukunyar tamu ce, naman daga mahautan garinmu.

Ta huɗu ita ce wuta. Duk sana'ar da ta dogara da firji a yankinmu tana cikin wahala. A nan ma gajeren jerin abinci shi ne mafita. Wanda ke dafa kala uku, ya yi cefanen yini a yini, ya ajiye busasshiyar taliya da miyar kwalba, buƙatarsa ga firji kaɗan ce. Tanderun gurasa kuwa da itace ko gawayi yake aiki, kamar yadda tandar pizza ta Napoli take aiki da itace. Mai gurasar da ta iya bandashe, rabin aikin pizza ta riga ta iya.

Abin da ya rage a yi

Ga mai sha'awar buɗewa, shawarata kada ka raɗa wa wurin sunan Turanci ko na Italiyanci da kai ma ba ka iya faɗa ba. Kada ka cika allo da kala ashirin. Ka zaɓi uku ko huɗu ka iya su fiye da kowa: taliya 'yar murji da miyar ɗanyen tumatir, taliya da wake, taliya da manja da yaji ga masu son ta gargajiya, sai gurasa mai tumatir da cuku ga masu marmarin pizza. Ka rubuta farashi a fili. Ka tanadi ruwan wanke hannu da sabulu, da makewayi mai tsafta, domin a nan yawancin gidajen abincinmu ke faɗuwa. Ka san manomin da kake saye a wurinsa, ka yi masa alkawarin farashi tun kafin ya shuka. Matan da ke murza maka taliya ka biya su a kan lokaci.

Ga shugabannin ƙananan hukumomin Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, kowace shekara ana raba kekunan ɗinki da injin markaɗe da sunan tallafi. A ware wani kaso a koya wa mata ɗura tumatir a kwalba yadda ba zai lalace ko ya cutar ba, domin aikin yana da ƙa'idar da in aka saɓa ta ana iya samun guba. A samar wa ƙungiyoyin manoma ragar shanya da ta ɗaga daga ƙasa. Ma'aikatan duba-gari su riƙa zagaya gidajen abinci don koyarwa da gyara, mai tsafta a ba shi takardar shaida ya liƙa a ƙofa.

Ga manyan makarantunmu, ɗaliban da ke neman aikin kammala karatu ga shi a ƙofar gida: na'urar busar da tumatir mai aiki da hasken rana, injin murza taliya da maƙeranmu za su iya ƙerawa, gwajin wane irin alkamar Jigawa ya fi dacewa da murji.

Ga magidanta kuma, idan irin wannan wuri ya samu, a daure a riƙa kai iyali ko sau ɗaya a wata. Kuɗin tsiren mako guda na majalisa sun isa.

Matasanmu da ke zuwa Kano ɗaukar hoto, ku ci gaba da zuwa in kuna da hali, babu mai hana ku. Amma ku sani, abincin da kuke yi wa layi, jikokin talakawan da suka ƙi raina girkin iyayensu ne suka kai shi inda ya kai. A cikinku akwai wanda mahaifiyarsa ta fi kowa iya taliya a unguwarsu, mahaifinsa kuma yana asarar tumatir duk shekara. Shi ne ya fi cancanta ya fara.

Allah Ya sa wa nemanmu albarka.